Daren 31 ga Disamba: Me Muke Koya wa Jama'a a Ƙofar Sabuwar Shekara?

Gabatarwa

A yawancin ikkilisiyoyinmu babu sujadar da take tara mutane kamar ta daren 31 ga Disamba. Wanda rabonsa da majami'a tun Ista yakan zo. Ɗan da ya dawo gida daga Legas ko Abuja domin Kirsimeti yakan zo. Har saurayin da ya fara darensa a wurin shaye-shaye yakan lallaɓo ya tsaya a bakin taga kafin sha biyu ta buga. Matasa suna ce mata kurosoba, dattawa kuma suna cewa addu'ar shiga sabuwar shekara. Ko da wane suna aka kira ta, a daren ne mai wa'azi yake samun kunnuwan da ba zai sake samu ba sai bayan wata goma sha biyu.

Saboda haka ya kamata mu auna abin da muke yi da wannan dare. Darasin nan suka ne, amma suka ta cikin gida. Mun jagoranci wannan sujada fiye da sau ashirin, kuma kurakuran da za mu ambata namu ne kafin su zama na wani. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da muke so mu nuna shi ne, daren da magabatanmu cikin bangaskiya suka keɓe domin mutum ya yi wa kansa lissafi a gaban Allah, mun mai da shi daren da muke lissafa wa Allah abin da zai ba mu.

Yadda sujadar take tafiya a yau

Akan fara wajen ƙarfe tara. Ƙungiyoyi su yi waƙa bi da bi: zumuntar mata, mawaƙa, matasa, yara. A ba da damar shaida, wadda yawanci kan aiki ne da aure da haihuwa da tsira daga haɗarin mota. Sai wa'azi gajere, a buɗe ƙyallen da aka rubuta taken shekara a kai, shekarar ɗaukaka ko ta buɗi ko ta ninki biyu. Daga nan sai addu'a da ƙarfi a kan maƙiya da miyagun ruhohi. Saura minti biyar kowa ya miƙe, idanu a kan agogo. Sha biyu ta buga, a yi sowa, a rungumi juna, a karɓi baiko na musamman, a fita. A waje samari suna ƙona tayoyi.

Akwai alheri a cikin wannan, kada mu yi musunsa. Mutanen da suka ga rashin lafiya da tsadar abinci da hare-hare, wasu ma suka kwana a daji a cikin shekarar, suna da dalilin rawa a gaban Allah. Gwamma matasanmu su kasance a majami'a a daren nan da su kasance a kan titi. Tambayar ita ce, a cikin awa uku ko huɗu, a ina ne mai bi ya zauna shiru ko na minti biyar ya tambayi kansa yadda ya yi tafiya da Ubangiji daga Janairu zuwa Disamba? A tsarin sujada da yawa da ɗalibanmu suke kawowa daga ikkilisiyoyinsu, babu wannan wurin.

Inda al'adar ta fito

Littafi Mai Tsarki bai san 1 ga Janairu ba. Romawa ne suka mai da ita farkon shekara. Tun shekara ta 153 kafin haihuwar Almasihu manyan masu mulkinsu suke kama aiki a ranar, kuma kalandar Yuliyus Kaisar da ta fara aiki a shekara ta 45 kafin haihuwar Almasihu ta tabbatar da hakan. Sunan watan ma daga gunkinsu Yanus ne, mai fuska biyu, ɗaya tana duban baya ɗaya tana duban gaba. Saboda shagali da buguwa da duba da suke tattare da ranar, ikkilisiyar farko ta yi taka-tsantsan da ita. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya yi wa jama'arsa wa'azi a ranar cewa su ba matalauta sadaka su yi azumi maimakon bin taron shagali. Majalisar ikkilisiya da ta zauna a Tours ta Faransa a 567 ta sa a yi azumi da addu'o'in tuba a kwanakin farko na Janairu. Ikkilisiya ta kuma riƙa tuna ranar a matsayin rana ta takwas bayan Kirsimeti, wato ranar kaciyar Yesu da raɗa masa suna (Luka 2:21).

Kwana a addu'a a ƙarshen shekara, yadda ya iso gare mu, ya biyo ta hannun masu bin Morabiya na Herrnhut a Jamus da kuma John Wesley a Ingila, a ƙarni na 18. A Kingswood kusa da Bristol, masu haƙar gawayi da suka tuba, waɗanda a da suke kwana a gidajen giya, suka fara kwana cikin addu'a da yabo. Wesley ya karɓi al'adar ya tsara ta. An yi irinta ta farko a Landan a Afrilu 1742, kuma da fari kowane wata ake yi, a daren Jumma'a mafi kusa da cikar farin wata, domin mutane su ga hanyar komawa gida. Ashe ba a ɗaure ta da daren 31 ga Disamba ba sai daga baya. A 11 ga Agusta 1755 kuma, a wata majami'a a Spitalfields ta Landan, Wesley ya jagoranci mutum wajen 1,800 cikin sujadar sabunta alkawari da Allah. Daga baya aka mai da wannan sujada farkon shekara, har yau Metodis suna yin ta. Zuciyar addu'arta ita ce mai bi ya miƙa kansa ga Allah ba da sharaɗi ba, ko shekarar ta zo da wadata ko da rashi, ko da girma ko da ƙasƙanci.

Akwai kuma daren 31 ga Disamba 1862, da baƙaƙen fata na Amurka, bayi da 'yantattu, suka taru suna jiran shelar 'yanta bayi ta Shugaba Lincoln ta fara aiki washegari. Kafin lokacin, 1 ga Janairu ranar kuka ce ga bayi da yawa, domin a ranar ne ake ba da hayarsu ko a sayar da su, a raba uwa da ɗa. Jiransu na wannan dare jiran adalcin Allah ne ga al'umma duka.

To, ga gadon da muka ci: azumi, tuba, miƙa kai, da begen adalci. Sai mu gwada shi da abin da muke yi, mu ga kurakurai uku.

Kuskure na farko: tsoron ƙarfe sha biyu

Mutane da yawa suna zuwa ne domin sun gaskata cewa inda sha biyu ta same ka, can shekararka za ta bi. Wanda ta same shi a majami'a ya tsira, wanda ta same shi a gado ko a bakin aiki yana cikin haɗari. Ba mu rubuta wannan a koyarwarmu ba, amma mun bar shi ya yi girma domin yana cika mana kujeru. A ƙarshen 2020, lokacin da cutar korona ta sa wasu jihohi suka taƙaita taron dare har majami'u da yawa suka tashi kafin sha biyu, mun ga masu bi cikin damuwa ta gaske, kamar an hana su wata kāriya.

Ɗan tunani ya isa ya warware wannan. Sa'ad da sha biyu take bugawa a Jos, 'yan'uwanmu a Kumasi suna da sauran awa ɗaya, na Nairobi kuwa sun yi awa biyu da shiga sabuwar shekara. Kiristocin Habasha suna fara tasu shekara a Satumba. Maƙwabtanmu Musulmi suna fara tasu da Muharram. A Ingila kanta, sai a 1752 aka daina fara shekarar hukuma daga 25 ga Maris. Wace sha biyun ce ke nan take da ikon? Haka ma tsoron da ake yi wa watanni huɗu na ƙarshen shekara, wai suna shan jini. Haɗarin mota yakan yawaita a Disamba saboda cunkoson matafiya, da hazo, da direban da yake son ya yi sawu uku a rana ɗaya ba barci, da giya. Fasto da ya tsauta wa aljanin hanya amma bai yi wa direbobin ikkilisiyarsa magana a kan gudu da lodi ba, bai gama aikinsa ba.

Bulus ya yarda mai bi ya keɓe wata rana domin Ubangiji (Romawa 14:5-6), amma ya ji tsoro ƙwarai da Galatiyawa suka koma bautar ranaku da watanni da shekaru (Galatiyawa 4:8-11). Keɓe rana domin a tuna da Allah daban ne da dogara ga rana domin a tsira. Na biyun camfi ne, ko da a cikin majami'a aka yi shi. Ma'aikaciyar jinya da take kan aiki a daren nan, da tsohon da ba ya iya fita cikin sanyin hunturu, da mutanen ƙauyen da rashin tsaro ya sa suka yi sujadarsu da yamma, duk suna hannun Allah daidai da wanda yake gaban bagade.

Kuskure na biyu: annabcin da ba a aiko mu da shi ba

A shekarunmu na farko a aiki, a wata ikkilisiyar ƙauye, mun tsaya a daren nan cikin zafin wa'azi muka ce ba za mu binne kowa ba a shekara mai zuwa. Amin ɗin da jama'a suka amsa ya yi mana daɗi. A watan Maris, da zafi ya tsananta, sanƙarau ya ɗauke wani saurayi. Bayan an tashi daga zaman makoki, mahaifiyarsa, dattijuwa a zumuntar mata, ta same mu ta ce, "Fasto, ɗana, ina da tambaya. Daren nan ina wurin, na kuma ce Amin. Amin ɗina ne bai kai ba, ko wani zunubi ne a gidana?" Muka daɗe ba mu ce komai ba. Amsar gaskiya ɗaya ce, ita muka ba ta: "Mama, ba laifinki ba ne. Ni ne na faɗi abin da Allah bai aiko ni da shi ba. Ki gafarce ni." Ta gafarta. Amma mun ɗora wa mai makoki kaya na biyu a kan na farko, kuma ba mu san mutum nawa ne suka yi wannan tambaya a zuci suka yi shiru ba.

Kowane ɗalibi ya karanta Irmiya 28 kafin ya hau mumbari a daren 31 ga Disamba. A zamanin Sarki Zadakiya, a wata na biyar, Hananiya ya tsaya a Haikali ya yi shela da sunan Ubangiji cewa cikin shekara biyu za a karya ikon Babila, a dawo da kayan Haikali da waɗanda aka kwashe. Ya sa wa'adi, ya kuma yi abin da ido zai gani, ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya ta. Irmiya da kansa ya yi fatan Allah ya sa haka, amma ya tuna wa jama'a cewa mai annabcin salama sai maganarsa ta cika ake sanin ko Allah ne ya aiko shi. Hukuncin da ya biyo baya shi ne Hananiya ya sa jama'a sun dogara ga ƙarya. A wata na bakwai na shekarar ya mutu.

Sura ta gaba ita ce ta ƙunshi ayar da muka fi rubutawa a ƙyallayen sabuwar shekara, Irmiya 29:11, wadda take maganar shirin alheri da Allah yake da shi domin mutanensa. Amma wa aka rubuta wa? Waɗanda suke zaman bauta a Babila, waɗanda aya ta 10 ta gaya musu cewa sai shekara saba'in ta cika, aka kuma ce su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su. Yawancin manyan da suka ji wasiƙar ba su ga komawa gida ba. Idan muka ciro aya ta 11 muka sa mata wa'adin wata goma sha biyu, mun ɗauki kalmomin Irmiya mun yi wa'azin Hananiya da su.

Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ba da ma'auni mai sauƙi, wato maganar da ba ta cika ba, ba daga Ubangiji take ba. Wace ikkilisiya ce take ɗauko ƙyallen bara a Disamba ta tambaya ko ya cika? Mukan naɗe shi ne mu buga sabo. Yakubu 4:13-15 kuwa kamar domin wannan dare aka rubuta shi. Yana tsauta wa 'yan kasuwa masu tsara shekara guda ta ciniki da riba alhali ba su san gobe ba, yana koya musu su jingina shirinsu ga nufin Ubangiji. Abin baƙin ciki, a yau akwai masu wa'azin da suke cewa faɗin "in Allah ya yarda" rashin bangaskiya ne. Manzo ya ce akasin haka.

Ba muna hana taken shekara ba ne. Masu bin Morabiya sun fara buga littafin ayoyin kowace rana tun 1731, har yanzu ana buga shi. Bambancin shi ne aya tana kiran mutum ga biyayya, tana kuma tsayawa ko shekarar ta yi daɗi ko ta yi ɗaci. Kirarin da muka ƙaga kuwa alkawari ne da Allah bai sa hannu a kai ba. Idan kuma aka haɗa shi da ambulan baiko, aka nuna cewa girman abin da ka saka shi ne girman shekararka, an shiga sayar da abin da ba na sayarwa ba.

Kuskure na uku: tsallakawa ba tare da waiwaye ba

Hausawa suna cewa waiwaye adon tafiya. Nassoshin da muka fi so a daren nan su ma haka suke koyarwa, in mun karanta su duka. Muna wa'azin haye Urdun, amma kafin a haye Joshuwa ya ce jama'a su tsarkake kansu (Joshuwa 3:5), bayan an haye aka kafa duwatsu goma sha biyu domin tuni, aka kuma sabunta alamar alkawari a Gilgal (sura 4 da 5). Muna son dutsen Ebenezer (1 Sama'ila 7:12), amma kafin a kafa shi Isra'ila sun rabu da gumaka, sun yi azumi a Mizfa, sun furta zunubinsu. A Littafin Firistoci 23, busa ƙaho na ranar farko ga wata na bakwai, wadda Yahudawa suke riƙe da ita a matsayin sabuwar shekara, yana kai wa ga Ranar Kafara a rana ta goma. Zabura 90 kuma, wadda ta fi kowace dacewa da daren, roƙonta shi ne sanin gajertar kwanakinmu ya sa mu yi hikima.

Addu'o'inmu na daren sun fi yawa a kan maƙiyi na waje. Wanda ya ci amanar abokin ciniki a watan Yuni, da wadda ba ta gaisa da matar ƙanin mijinta tun rabon gado, da dattijon da ya taɓa kuɗin ginin majami'a, dukansu suna iya yin awa huɗu suna ɗaure Shaiɗan su koma gida babu abin da ya taɓa lamirinsu. Matiyu 5:23-24 ya sa sulhu da ɗan'uwa gaba da baiko. Mu mun sa baiko a tsarin sujada, sulhu kuwa ba mu ba shi ko minti ɗaya ba.

A nan al'adun gidajenmu sun fi mumbarinmu hikima. Komawa gida a Kirsimeti, da taron dangi inda babba yake sasanta waɗanda suka saɓa, da kai shinkafa da nama gidan maƙwabta Musulmi waɗanda su ma suke kawo mana a lokacin Sallah, da gaishe da gwauraye da marasa lafiya, da ƙoƙarin biyan bashi kafin shekara ta ƙare, duk lissafi ne da gyaran zumunci. Aikin makiyayi ne ya ƙarfafa su, ya kuma tsauta inda gasar ɗinki da anko take jefa iyali cikin bashin da zai cinye kuɗin makarantar yara a Janairu.

Abin da za mu iya yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun Lahadin da ta gabaci daren, a ba kowane gida tambayoyi kaɗan su yi tunani a kai: Me Allah ya yi mini a bana? A ina na saɓa masa? Wa nake riƙe da shi a zuciya, wa kuma yake riƙe da ni? Wane hakki ne na wani yake hannuna?

A daren, a bar waƙa da rawa da shaida, amma a nemi shaidar wanda Allah ya riƙe shi cikin rashi, ba ta wanda ya samu kaɗai ba. A karanta sunayen waɗanda suka rasu a shekarar, a yi addu'a domin iyalansu, gama akwai masu zama a bayan majami'a da sowar sha biyu take yi musu ciwo. A ba da minti goma ko sha biyar na shiru, ba kiɗa, domin furta zunubi, sa'an nan a yi shelar gafara cikin Almasihu. A ba da dama mutum ya tashi ya je wurin ɗan'uwansa. A yi wa'azi daga sashe cikakke na Nassi. A jagoranci jama'a su miƙa kansu ga Ubangiji domin shekara mai zuwa, kowace iri ce. A roƙi lafiya da damina mai albarka da zaman lafiyar ƙasa da gaba gaɗi, gama roƙo halal ne ga 'ya'ya, amma a bar shi a matsayin roƙo. Inda tsaro bai ba da dama ba, a yi da yamma a tashi, a kuma faɗa wa jama'a dalla-dalla cewa ba su rasa komai ba.

Wataƙila a shekarar farko wasu za su ce sujadar ta yi sanyi, su tafi inda ake rabon annabci. Wannan gwaji ne na gaske ga matashin fasto da ake auna shi da yawan mutane da yawan baiko. Amma mu ne za mu tsaya a bakin kabari a watan Maris, mu ne kuma za mu amsa tambayar uwar da ta ce Amin. Kada mu faɗi abin da ba za mu iya maimaita shi a gidan makoki ba. Alkawarin da Yesu ya bar wa almajiransa a ƙarshen Bisharar Matiyu, na kasancewarsa tare da su kullum, ya isa a shiga kowace shekara da shi.

Tambayoyin tattaunawa

1. Rubuta tsarin sujadar 31 ga Disamba ta bara a ikkilisiyarku. Minti nawa aka ba godiya, nawa aka ba tuba, nawa aka ba roƙo?

2. Karanta Irmiya 28 da 29:1-14. Ta yaya za ka yi wa'azin 29:11 ga mutanen da aka raba da ƙauyensu, ba tare da ka yi musu alkawarin Hananiya ba?

3. Wani mai bi ya zo maka cikin tsoro domin sha biyu ta same shi a kan hanya. Me za ka ce masa, daga wane Nassi?

4. Idan babban fasto ko baƙon mai wa'azi ya yi annabcin da bai cika ba, wane mataki ya kamata dattawan ikkilisiya su ɗauka?

5. Wace al'adar ƙarshen shekara ce a garinku take taimakon sulhu da zumunci, kuma yaya ikkilisiya za ta ƙarfafa ta?